Ɗafa-Goshin "Ma-": Ma'anarsa da Asalinsa a Hausa da Sauran Harsuna

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman reshe



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa ƙarami ne a ido, domin bai wuce baƙi ɗaya da wasali ɗaya ba. Gaɓa ce guda, wato "ma", wadda ake liƙa wa kalma a gaba, abin da masana nahawu ke kira ɗafa-goshi. Sai dai Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Da wuya ɗayanmu ya yi minti biyar yana magana a cikin aji bai furta wannan gaɓa ba. Muna aiki a makaranta, ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, muna koyar da 'ya'yan manoma da maƙera da makiyaya, muna share allo da magogi, muna rufe ofis da makulli. Wannan gaɓa kuma ba mu kaɗai ke da ita ba. Balarabe yana da ita, mutumin Habasha yana da ita, Buzu yana da ita, mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun rubuta ta a bangon kaburburansu.

Tambayar da ɗalibi mai kaifin hankali kan jefo wa malaminsa ita ce, shin mun aro ta ne daga Larabci? Amsar da zan kare a gabanku ita ce, "ma-" ta Hausa gado ce da muka taras a gida, kuma har yau tana aiki. Amma kafin malami ya iya faɗin haka da ƙwarin gwiwa, wajibi ne ya iya rarrabe abu uku da kan rikita mutane, wato gado da aro da kamanni na katari.

Ayyuka uku na gaɓa ɗaya

Mu fara daga gida. A Hausa "ma-" tana hawa kan saiwar aikatau ta haifar da suna iri uku.

Na farko shi ne sunan mai aikata abu. Daga noma muka sami manomi, daga ƙera muka sami maƙeri, daga saƙa muka sami masaƙi, daga gina muka sami magini. Wannan rukuni yana da tsari wanda ba ya saɓawa: namiji ya ƙare da "i", mace ta ƙare da "iya", jam'i ya ƙare da "a". Mawaƙi, mawaƙiya, mawaƙa. Mahaifi, mahaifiya, mahaifa. Matafiyi, matafiyiya, matafiya.

Na biyu shi ne sunan wurin da ake yin abu. Galibinsu suna ƙarewa da "a", kuma jinsin mace ne: makaranta, majema, marina, mahauta, mashaya, mafaka, mararraba. Jam'insu kan zo da "u", kamar makarantu da ma'aikatu. Kaɗan daga cikinsu suna ƙarewa da "i", jinsin namiji, jam'insu da "ai": masallaci da masallatai, masauki da masaukai. Irin waɗannan kalmomi sun zama sunayen unguwanni da garuruwa, kamar unguwar Maƙera a Kaduna da Mararraba da ke bakin Abuja. Duk inda ka ji unguwa mai suna Marina ko Majema a tsohon birni, sunan ya riga ya gaya maka sana'ar da aka kafa ta a kai.

Na uku shi ne sunan abin da ake aiki da shi: mabuɗi, madubi, mataji, mazari, maburgi, matankaɗi, ma'auni. Waɗannan suna ƙarewa da "i", jam'insu da "ai", kamar mabuɗai da madubai da ma'aunai.

To, a nan akwai abin da rubutunmu na yau da kullum yake ɓoyewa. Idan na rubuta "ma'aikata" a allo, ba wanda zai iya gaya mini ko mutane nake nufi ko ofis, sai ya ga sauran jimlar. Amma da zarar na furta, ko yaro ɗan aji biyu ya gane. Abin da ya raba su shi ne karin sauti. Sunan mai aikatawa yana farawa da sautin sama, ya sauko ƙasa a tsakiya, ya sake hawa sama a ƙarshe. Sunan wuri da na kayan aiki kuwa, a tilo, sama suke tafiya tun daga farko har ƙarshe. Ku gwada da bakinku: maƙera masu bugun ƙarfe, da maƙera inda ake bugun, marina masu shuni a hannu, da marina inda rijiyoyin suke, mahauta masu wuƙa, da mahauta inda ake yanka, matashi mai jini a jika, da matashi na ɗora kai, makaranta masu karatu, da makaranta inda muke aiki. Haruffa ɗaya ne, murya ce ta bambanta su. Wanda ke son cikakken bayanin wannan tsari zai same shi a babban littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya wallafa a shekarar 2000.

Akwai kuma sauyin sauti da ke sa wasu kalmomi su ɓad da kama. Idan wasalin "i" ya biyo bayan wasu baƙaƙe, sai su sauya: "t" ta koma "c", "s" ta koma "sh", "z" da "d" su koma "j". Wannan shi ne ganɗantawa. Shi ya sa muke cewa marubuci amma marubuta, mafarauci amma mafarauta, makashi amma makasa, magaji amma magada. Da wannan ƙa'ida za mu gane cewa maciji ba komai ba ne illa mai cizo, kuma jam'insa, macizai, ya dawo da "z" ɗin da ta ɓuya. Idan aikatau gajere ne mai gaɓa ɗaya, sai a cike shi da "y": so ya ba da masoyi, ƙi ya ba da maƙiyi, bi ya ba da mabiyi, sha ya ba da mashayi. Har kalmomin da ba mu ɗauke su a bakin komai ba daga wannan gida suka fito. "Mafi" da muke cewa mafi girma, daga aikatau "fi" take. "Maras" da "marasa" daga "rasa" suke. Jikin ɗan Adam ma bai tsira ba, ga mafitsara, ga mahaifa, ga maɗaciya.

Abin da ake samu a wasu harsuna

Yanzu mu leƙa waje. Waɗanda suka yi karatun sarfu a cikinmu sun san cewa Larabci yana gina sunan wuri da na lokaci da "ma": maktab wurin rubutu, madrasa wurin darasi, masjid wurin sujada, magrib wuri ko lokacin faɗuwar rana. Yana gina sunan kayan aiki da "mi": miftah abin buɗewa, mizan abin awo. Yana kuma gina sunan mai aikatawa da "mu" a aikatan da aka yi wa ƙari: mu'allim mai koyarwa, mu'min mai imani, musafir mai tafiya. Ayyuka ukun nan da muka lissafa a Hausa, su ne dai a Larabci.

Ibrananci ma haka yake. Mabuɗi a wannan harshe shi ne mafteah, daga aikatau mai ma'anar buɗewa. Wuri kuwa makom, daga aikatau mai ma'anar tashi tsaye. A harshen Amhara na ƙasar Habasha, abin buɗewa shi ne makfaca, daga kaffata, wato ya buɗe, malami kuma mamhir. Ku lura da wannan jeri: mabuɗi, miftah, mafteah, makfaca. Saiwar Hausa daban take da ta Larabci, ta Amhara ma daban, amma dabarar ginin guda ce, "m" a gaba, aikatau na buɗewa a baya.

Idan muka koma can baya cikin tarihi, za mu taras da ita a harshen Akkad, wanda aka yi magana da shi a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau. A dokokin Sarki Hammurabi na Babila, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, an ambaci wani rukunin jama'a da ake kira mushkenum, mutanen da darajarsu ba ta kai ta manya ba, ba su kuma zama bayi ba. Kalmar an gina ta ne da "mu" a kan aikatau mai ma'anar rusunawa. Ta bi ta harsunan yankin ta shiga Larabci a matsayin miskin, daga nan ta iso mana a matsayin miskini, ta shiga Suwahili a matsayin maskini, ta kai har Faransanci. Kalmar da almajiri ke ji a zaure yau ta kusa shekara 4,000 tana yawo.

A harshen tsohuwar Masar, wanda rubutunsa ya faro kimanin shekara 5,000 da suka wuce, akwai aikatau mai ma'anar aunawa, wanda masana ke karantawa "kha". Sikelin da ake awo da shi kuwa sunansa "mekhat". Ga jeri na biyu ke nan: ma'auni daga auna, mizan daga wazana, mekhat daga kha. A harsunan Barbar na arewacin Afirka, waɗanda harshen Buzaye na Azbin yake cikinsu, "m" tana gina sunan mai aikatawa. A harshen Kabil na Aljeriya, makiyayi shi ne ameksa, daga aikatau na kiwo, ɓarawo kuma amakar, daga aikatau na sata. Nan kusa da mu, harsunan Bade da Ngizim na Jihar Yobe su ma suna gina sunaye da "ma-".

Dalilin da ya sa ba aro ba ce

Mai saurin yanke hukunci zai ce, ai magana ta ƙare, Hausawa sun daɗe da cuɗanya da Larabci, saboda haka daga can suka kwaso. Gaskiya ne cuɗanyar ta daɗe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma tun daga lokacin kalmomin Larabci suke kwarara cikin Hausa. Amma akwai hujjoji huɗu da suka hana mu karɓar wannan amsa.

Hujja ta farko, abin aro yakan zauna tare da 'yan uwansa na aro. Da "ma-" baƙuwa ce, da mun fi ganinta a kan kalmomin addini da shari'a da fatauci. Sai ga ta a kan kalmomin da suka fi kowanne tsufa a bakin Bahaushe, na gona da daji da ɗakin girki da haihuwa: maciji, mahaifiya, mazari, maburgi, masunci.

Hujja ta biyu, tsarin bai zo ɗaya ba. Larabci ya raba aikin tsakanin "ma" da "mi" da "mu", Hausa kuwa "ma" ce a ko'ina, sai ta raba aikin da ƙarshen kalma da karin sauti, abin da Larabci ba shi da shi sam. Bugu da ƙari, a aikatau mai sauƙi Larabci ba ya sa "m" a sunan mai aikatawa. Balarabe katib yake cewa, mu kuwa marubuci.

Hujja ta uku, tana nan a harsunan da suke dangin Hausa na kusa. Hujja ta huɗu kuma, tana nan a rubuce a Masar da Babila tun kafin a rubuta Larabci da shekaru aru-aru. Wanda ya ga 'ya'yan ɗakuna daban-daban da irin hanci guda, ba zai ce wannan ya ara daga wancan ba, zai nemi kakansu ne.

Kakan nan shi ne abin da masana suka daɗe suna bin sawunsa. A littafinsa na shekarar 1963 a kan harsunan Afirka, Joseph Greenberg, masani ɗan Amurka wanda ya yi bincike a Kano tun yana matashi, ya tabbatar da Hausa da danginta a cikin babban gidan harsuna da ya kira Afro-Asiya. Reshen da Hausa take ciki ana kiransa Cadi, saboda harsunansa sun kewaye Tafkin Cadi a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, kuma yawansu ya kai kimanin 150. Sauran rassan su ne na Samiyawa, inda Larabci da Ibrananci da Amhara da Akkad suke, da na tsohuwar Masar, da na Barbar, da na Kush, inda harsunan Somaliya da Oromo suke, sai na Omo a kudancin Habasha, wanda aka ware daga baya. A shekarar 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka buga nazarin da ya kwatanta sautuka da kalmomin harsunan Cadi, wanda ya ƙara wa wannan rabo ƙarfi.

Ba "ma-" kaɗai ce shaidar wannan zumunta ba. Muna cewa littafinka ga namiji, littafinki ga mace, littafinku ga jam'i, Balarabe yana cewa kitabuka, kitabuki, kitabukum. Muna nuna mace da "t", kamar a "ta zo" da "tawa", Larabci da Barbar da tsohuwar Masar duk da "t" suke nuna mace. Muna cewa mutu, Balarabe yana cewa mata, tsohuwar Masar ma da "m" da "t" ta rubuta mutuwa. Irin waɗannan abubuwa suna cikin ƙashin bayan harshe, ba a cika aronsu a kasuwa ba. Saboda haka dangantakar Hausa da Larabci ta 'yan uwantaka ce mai nisa, irin ta jikokin kaka ɗaya da suka rabu tun kafin a fara rubuta tarihi. Ɗaya bai haifi ɗaya ba.

Daga ina ita kanta gaɓar ta fito? Bayanin da ya fi yaɗuwa tsakanin masana shi ne, asalinta kalmar tambaya ce ko ta nuni, mai ma'anar "me" ko "abin da". Wannan kalma tana nan a ko'ina cikin gidan: mu muna cewa "me", Balarabe yana cewa "ma" da "man", Ibrananci yana da "ma" da "mi". Bisa wannan bayani, mabuɗi a can farko jimla ce, "abin da ke buɗewa", sai yawan furtawa ya haɗe ta ta zama kalma guda. Wasu masanan kuma suna ganin cewa "ma" ta mai aikatawa da "ma" ta wuri da kayan aiki tushensu biyu ne da suka haɗu a siffa, kuma bambancin karin sautinsu a Hausa yana daga cikin abin da suke kafa hujja da shi. Ko wanne aka ɗauka, tsufan gaɓar da kasancewarta gado ba su taɓu ba.

Aro na gaskiya, da kama da wane

Wannan ba ya nufin babu aro. Akwai kalmomi masu yawa da suka shigo mana daga Larabci ɗauke da tasu "m" a goshi: malam daga mu'allim, mumini, Musulmi, munafuki, mumbari, mizani, majalisa, magariba, mujalla, manhaja, maɗaba'a. Waɗannan baƙi ne da suka zo da rigarsu. Da yake rigar ta yi kama da ta 'yan gida, sai suka zauna ba tare da an tsangwame su ba, har majalisa ta ɗauki jam'i irin na makaranta, muka ce majalisu.

Wani lokaci baƙo da ɗan gida sukan zauna kafaɗa da kafaɗa. Muƙami daga makam yake na Larabci, wato wurin tsayuwa. Matsayi kuwa namu ne, daga tsaya. Ma'ana ɗaya, gini ɗaya, ɗaya aro ɗaya gado. Haka mizani da ma'auni.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne inda kakanninmu suka ari saiwa, suka ɗora mata tasu gaɓar. Ba su ɗauki masjid ba. Sun ɗauki salla, suka mayar da ita aikatau, suka gina masallaci. Ba su ɗauki madrasa ba, ko da yake sun karɓi darasi. Sun ɗauki saiwar karatu, wadda asalinta Larabci ne, suka gina makaranta. Daga kabari suka gina makabarta. Mutanen da suka yi wannan sun san ƙarfin harshensu, kuma da shi suka yi wa sabon abu suna.

Sai rukuni na uku, wanda Hausawa suka yi wa magani da cewa kama da wane ba ta wane. Majigi ya yi kama da madubi, amma daga Ingilishi ya zo, daga sunan wata fitila mai haska hotuna a bango. Manaja da mashin da makaniki da maleriya duk haka suke. A Suwahili da sauran harsunan Bantu akwai "ma-" a goshin kalma, amma aikinta jam'i ne: jina suna, majina sunaye, tunda ɗan itace, matunda 'ya'yan itatuwa. Tana kuma zuwa a sunayen abubuwa masu ruwa, kamar maji, wato ruwa, da maziwa, wato madara. Wannan "ma" ta wani gida ce daban. Masu Suwahili ma sun ari mu'allim kamar yadda muka ara, suka ce mwalimu, amma sai suka ɗauki farkon kalmar a matsayin tasu alamar mutum guda, suka yi jam'i walimu, mu kuwa muka ce malamai. A Barbarci, wato harshen Kanuri, akwai "ma" mai nuna mai abu ko mai aiki, amma a ƙeya take zama. Ita ce muke ji a ƙarshen sarautun da muka karɓo daga Barno, irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Kanuri ba ya cikin gidan Afro-Asiya. Sarautar Madawaki da ta Magaji da ta Ma'aji kuwa, tasu "ma" a goshi take, ta gida ce. Fillanci kuma yana biyan wannan buƙata ba tare da "ma" ba ko kaɗan: daga saiwar karatu ya gina janngirde, makaranta, da jannginoowo, malami, duk da ɗafa-ƙeya. Sautukan da bakin ɗan Adam ke iya furtawa ba su da yawa, kuma "m" tana cikin mafi sauƙinsu, saboda haka dole a yi ta samun kamanni tsakanin harsunan da ba su haɗa komai ba.

Abin da ya rage gare mu a cikin aji

Ya ku 'yan uwana malamai, me wannan zai amfana mana ranar Litinin da safe? Ina ganin abu uku.

Na farko, hanya ce ta koyar da tunani. Ku rubuta kalmomi goma a allo, ku haɗa manomi da malami da majigi da madubi da mangwaro da mahauta, ku ba yara tambayoyi uku. In an cire "ma", akwai aikatau na Hausa da ya rage? Yaya jam'in kalmar yake? Yaya muryarta take hawa da sauka? Manomi zai bar noma, madubi zai bar duba, malami da majigi da mangwaro ba za su bar komai ba. Yaron da ya yi wannan aiki da kansa ya koyi kafa hujja kafin yanke hukunci, kuma wannan darasi zai bi shi har ajin lissafi da na kimiyya. Malamin Larabci da malamin Hausa ma za su iya haɗa darasi guda, ɗaya ya kawo miftah, ɗaya ya kawo mabuɗi, yara su gano dangantakar da idonsu.

Na biyu, kayan aiki ne na ƙirƙirar kalmomi. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, kuma ƙorafin da aka fi ji shi ne wai harsunanmu ba su da kalmomin ilimin zamani. To, mazaɓa da masana'anta da matatar mai da madatsar ruwa da ma'adana da ma'aunin zafi, duk abubuwa ne da kakanninmu ba su sani ba a siffarsu ta yau, amma ga su da sunaye da kowa ke ganewa ba tare da an buɗe ƙamus ba. Da wannan gaɓa aka gina su. Malamin da ya san ƙa'idar, in ya haɗu da sabon abu a darasi, zai tambayi kansa: me abin nan yake yi, kuma mutum ne, ko wuri, ko kayan aiki? Sau da yawa sunan yana nan a bakin ƙofa. Sharaɗi kawai shi ne a fara duba ko jama'a sun riga sun yi wa abin suna, domin kalmar da ta riga ta zauna a baki ba a korarta da umarni.

Na uku ya shafi tarbiyya, kuma shi ne ya fi nauyi. "Ma-" ta mai aikatawa ba ta nufin wanda ya yi abu sau ɗaya. Tana nufin wanda abin ya zame masa sana'a ko hali. Duk wanda ya rera waƙa a gidan biki mai waƙa ne a wannan dare, amma mawaƙi shi ne wanda aka san shi da ita. Haka nan akwai tazara mai faɗi tsakanin a ce wa yaro "ka yi ƙarya" da a ce masa "maƙaryaci", tsakanin "yau ka yi lalaci" da "malalaci", tsakanin "ka ji tsoro" da "matsoraci". Maganar farko ta tsaya ga aikin da ya yi, wanda zai iya bari gobe. Ta biyu ta raɗa masa suna a gaban abokansa, kuma sunan da malami ya raɗa a aji yakan riga yaro isa gida, ya kuma daɗe tare da shi bayan ya bar makaranta. Gaɓar da ke mayar da aiki ya zama hali tana iya ginawa kamar yadda take iya rushewa. In za mu yi amfani da ita a kan ɗalibanmu, to mu ajiye ta ga wanda muke so ya zama marubuci ko masani ko mataimaki.

Iyaye da ke tare da mu a wannan zama, wannan aiki bai tsaya ga malamai ba. A cikin gida akwai maburgi da matankaɗi da mafici da majanyi, kuma kowannensu darasi ne. Ku tambayi yaro daga wane aiki sunan ya fito, ku bar shi ya lalubo amsar da kansa. Yaron da ya gano cewa maciji mai cizo ne, ba zai ƙara kallon harshensa a matsayin tarin kalmomin da ake haddacewa kawai ba.

A nan zan dakata, domin a sami lokacin tambayoyi da ƙarin bayani daga manyanmu da suka fi ni daɗewa a wannan fage.